Zafin kwanciyar aure bayan aikin ciki: a jira, a nemi man saduwa, a je fisiyo, ko a sake shiga tiyata?

Ɗinkin da ake gani a ƙasan mara shi ne na ƙarshe da likita ya yi, kuma shi ne yake riga sauran warkewa. A aikin haihuwa, kafin hannu ya kai ga jariri sai an ratsa fata da kitse, an yanka farin tantani mai tauri da ke riƙe tsokar ciki, an buɗa tsokar gefe da gefe, an huda siririn mayafin da ya lulluɓe kayan ciki, sannan a zo kan mahaifa. Saboda haka idan nas ta ɗaga zane a ranar awo ta duba ta ce, "Hajiya, ciwo ya warke," saman take nufi. Fatar da aka ɗinka, a mako na uku ƙarfinta bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na asali ba. Sai wajen wata uku take kai kashi 80 cikin ɗari, tabon kuma yakan ɗauki shekara ko fiye yana yin laushi a hankali.

Shi ya sa mata da dama a unguwannin Kumasi irin su Aboabo da Asawase da Tafo, waɗanda aka yi wa aikin haihuwa, ko aka cire wa ƙarin mahaifa, ko mahaifar ɗungurum, ko afendis, suke komawa ɗakin miji su tarar abin da a da ba ya zafi yanzu yana yi. Maza da aka yi wa aikin ƙaba ma suna ciki, sai dai su sun fi mata iya shiru. Shawara kuwa ba ta yankewa: uwa ta ce a yi haƙuri, ƙawa ta kawo haɗin matsi, mai kemis ya miƙo maganin sanyi, wani kuma ya ce ai an manta wani abu ne a ciki, a je a sake buɗewa. Kafin a zaɓi ko ɗaya, sai an san inda zafin yake zaune, domin maganin wannan wuri yakan ƙara wa wancan ciwo.

Wuri uku ne. Akwai zafin ƙofa, wanda ake ji tun farkon shiga, kamar an goga barkono ko fata za ta tsage. Akwai zafin can ciki, mai kama da an zunguri wani abu, wanda yakan bar mara tana murɗa awa ɗaya ko kwana guda bayan an gama. Akwai kuma zafin bangon ciki, a kan tabon ko a gefensa, wanda nauyi ko gogayya ke tayarwa. Don raba na biyu da na uku, ga gwajin da likitoci ke yi, ke ma za ki iya a kan gadonki. Ki kwanta rigingine, ki sa yatsa ɗaya ki danna inda ya fi ciwo, sannan ki ɗaga kai da kafaɗu kamar za ki tashi zaune ba tare da kin dafa ba. Idan zafin ya ƙaru, a bango yake, wato tabo ko jijiya ko tsoka. Idan ya ragu, daga ciki yake fitowa, tsokar da ta ɗaure ce ta kare shi daga yatsanki.

Mu fara da haƙuri, tunda shi ne kyauta. Yana da muhallinsa. Bayan aikin haihuwa ko cire ƙari, mako shida ne mafi ƙarancin jira. Arba'in ta kusa yin daidai da wannan, amma a lura: ɗaukewar jinin biƙi hukuncin tsarki ne, warkewar ɗinkin mahaifa kuma wani lissafi ne daban. Mace tana iya yin wanka a kwana ashirin da biyar, ciki bai haɗe ba. Wadda aka cire wa mahaifa gaba ɗaya tata ta fi tsanani, domin an ɗinke saman farjin ne kamar bakin buhu, kuma daidai nan ake taɓawa. Mako shida zuwa takwas ne aƙalla, wasu likitocin sukan ce sha biyu, kuma kada a fara sai likita ya leƙa da idonsa ya ce ɗinkin ya kama. Ƙananan ayyukan da ake yi da kyamara ta ƴan huje-huje sukan ba da dama da wuri, amma wanda ya yi aikin shi ne zai faɗi ranar.

Haƙurin da ke da amfani shi ne wanda ake ganin sauƙi a cikinsa: wannan makon ya fi na jiya, wata mai zuwa ya fi wannan. A wannan tsakanin dabaru kaɗan suna rage abin sosai. A kwanta gefe da gefe don kada nauyin mai gida ya sauka a kan mara, ko mace ta kasance a sama ta riƙe zurfi da sauri a hannunta. A yi fitsari kafin a fara. Farasitamol ƙwaya biyu masu 500, rabin awa kafin lokaci, ba laifi, muddin ba a wuce ƙwaya takwas a yini ba. Ibuprofen 400 bayan cin abinci ya halatta ga mai shayarwa, amma ban da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda. Tiramadol da kodin a bar su: suna ratsa nono zuwa jariri, suna kuma ɗaure bayan gida. Shi kuwa taurin bayan gida, da maganin ƙarin jini ke ƙara haddasawa, sananne ne wajen kawo zafin can ciki, saboda hanjin da ya cika yana manne da bayan farji. Mace da yawa an yi ta yawo da ita neman hoto alhali miyar ayoyo, kontomire, gwanda, wake da ruwa isasshe ne maganinta. Amma idan an kai wata uku da aiki zafi yana nan daram, ko ƙaruwa ma yake yi, haƙuri ya gama nasa. Ci gaba da daurewa daga nan yana koya wa jiki tsoro ne, za mu zo kan wannan.

Zafin ƙofa shi ne ya fi yawa ga masu jego, kuma abin mamaki ga mata da yawa shi ne jaririn bai ma bi ta nan ba. Dalilin yana cikin nono. Shayarwa tana sauke sinadarin estrojen, shi kuwa shi ne ke sa fatar gaba ta yi kauri da damshi. Idan ya yi ƙasa fatar takan yi siriri ta bushe, ta riƙa tsagewa da ƴar gogayya. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku-uku tana iya ƙara wannan bushewar, haka nan wadda aka cire wa ma'ajiyar ƙwai duka biyu, ita kam jikinta ya shiga yanayin ɗaukewar al'ada dare ɗaya, ko da shekarunta talatin da biyar.

A nan ne ake zaɓi tsakanin man saduwa da kayan mata, kuma ba mu ga abin ɓoyewa ba: matsi a kan busasshiyar fata ƙarin gishiri ne a kan gyambo. Alif, ruwan bagaruwa mai kauri, kanwa, da ƙulle-ƙullen da ake turawa ciki, aikinsu ɗaya ne, su tsotse ruwa su tsuke fata. Wadda matsalarta rashin damshi ce, an ba ta abin da zai ƙara ƙafar da ita. Ga shi kuma suna kashe ƙwayoyin da ke tsaron wurin, sai ƙaiƙayi da wari su biyo baya, a ce sanyi ne, a sake sayen wani haɗin. Ga wadda aka cire wa mahaifa, tura wani abu ciki kafin ɗinki ya kama ganganci ne. Wanda ake sha, irin su dabino da madara da aya da kwakwa, abinci ne mai kyau ga mai shayarwa, a sha lafiya, sai dai ba zai mayar da estrojen ba.

Man saduwa mai tushen ruwa, irin K-Y Jelly da makamantansa, ana samu a manyan kemis na Adum da sauran wurare, ba sai da takardar likita ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙyashi: ɗigo ɗaya ba ya komai. A sa kamar cikin ƙaramin cokali, a shafa wa duka biyun, in ya fara ɗanko a ƙara ko a taɓa shi da ɗan ruwa. Mai tushen silikon ya fi daɗewa bai bushe ba, ya fi tsada. A guji masu ƙamshi da masu ɗumi ko sanyin minti, suna ƙona fata mai rauni. Basilin da man jarirai da man kaɗanya suna lalata kwaroron roba har ya fashe, basilin kuma yana daɗewa a ciki yana jawo ƙwayoyin cuta. Man kaɗanya yana da wurinsa a wannan zance, amma a waje, kan tabo. Idan an yi wata guda ana sa mai yadda ya kamata kuma har yanzu ana tsagewa, mataki na gaba shi ne man estrojen da ake sawa ciki, wanda likita ke rubutawa. Yawanci kowane dare ne na mako biyu, sannan sau biyu a mako, kuma sai an yi ƴan makonni ake jin bambanci. Wadda ta taɓa yin kansar nono ko take zubar jinin da ba a san dalilinsa ba, ta faɗa wa likita tun kafin ya ɗauki biro.

Akwai zafin ƙofa iri na biyu da mai ba ya taɓawa. Tsokar da ke ƙasan ƙugu, wadda ke riƙe fitsari da bayan gida, tana da hali irin na ido: in ta ga abu zai taɓa ta da zafi sai ta runtse. Mace ta ji zafi sau uku, sau huɗu, ta cije ta daure, to a karo na biyar tsokar ba ta jiran umarni, tun kafin a taɓa ta ta ɗaure. Mai gida ya ji kamar ya ci karo da bango, ita kuma ta kwana da zogi. Tsoron sake ɗaukar ciki ma yana yin haka, kuma tsoro ne mai dalili, tunda bayan aikin haihuwa ana so a samu tazarar wata 18 zuwa 24. Wani lokaci daidaita maganar tazara kaɗai yakan sassauta rabin abin.

Wannan aikin masu fisiyo ne, wato masu gyaran jiki da atisaye da tausa, sashen da wasu ke kira na gashi. A nan ma akwai kuskuren da ya yaɗu ta waya: atisayen matse gaba da ake koya wa masu yoyon fitsari. Tsokar da ta riga ta ɗaure, in aka ce a ƙara matse ta, ciwo ake ƙara mata. Sakin ta ake koyo. Ki kwanta, ƙafafu a lanƙwashe, hannu a kan cibiya. Ki ja numfashi ta hanci a hankali har ciki ya taso, ki ji ƙasanki ya saki kamar lokacin da fitsari zai fara zuba, sannan ki fitar da iskar ta baki ba tare da kin matse komai ba. Minti biyar, safe da dare. Bayan mako ɗaya ko biyu a ƙara da yatsa mai tsabta da mai, a danna bakin wurin ta ɓangaren baya a hankali, a riƙe har zafin ya lafa, a matsa gefe kaɗan. Masu fisiyo suna da robobi masu girma daki-daki don wannan, daga siriri zuwa babba. Hanya ce mai cin lokaci, wata biyu zuwa uku ba abin mamaki ba ne, kuma tana buƙatar a dakatar da shiga na ɗan lokaci. Amma ba ta da haɗari, kuma ga irin wannan zafin babu allura ko wuƙar da ta kai ta.

Tausar tabo ita ma tasu ce, kuma ita ce amsar yawancin zafin bango. Sharaɗinta ciwo ya rufe ruf, ba ɓawo, ba ruwa, ba ja, wato daga mako shida. A fara da busasshen yatsa don fata ta kamu: a ɗora yatsu biyu sama da tabon, a tura fatar sama da ƙasa, hagu da dama, a zagaya, ana motsa fatar kanta a kan naman da ke ƙasa. Inda ta ƙi motsi, nan ne ta manne, a tsaya a riƙe kamar rabin minti. Bayan mako biyu a hau kan tabon, a riƙa ɗaga shi tsakanin babban yatsa da manuni kamar ana tsinke ƙullun fura. A ƙare da man kaɗanya. Minti biyar a rana sun isa. Jan da ake ji ba komai, zafi mai sa hawaye alamar an wuce gona da iri ce. Sai a kula da gashin ruwan zafi irin na jego. Fatar da ke saman tabo takan mutu tsawon watanni, ba ta jin taɓawa, to ba ta jin ƙuna ma. Tawul da aka tsoma a tafasasshen ruwa zai iya sale ta mai jego ba ta ce uffan ba. A gwada ruwan a bayan hannu tukun, kuma kada a danna mara da ƙarfi.

Sauran nau'o'in sai asibiti, kuma kowanne yana da shaidarsa. Zafi a wuri ɗaya tak da za ki iya rufewa da kan yatsa, galibi a ƙarshen tabon hagu ko dama, mai suka kamar lantarki yana sauka matse-matsi ko leɓen gaba, wannan jijiya ce da zare ko tabo ya kama. Likita yakan yi allurar kashe zafi daidai wurin. In ciwon ya ɓace na wasu awanni, an gano ɓarawon, daga nan a maimaita allurar ko a ba da ƙwayar jijiya ta dare irin amitriptyline. Ƙullutu a cikin tabo wanda ke kumbura yana zafi duk lokacin al'ada, sannan ya lafa, naman cikin mahaifa ne ya samu wurin zama a nan lokacin aiki. Tausa ba ta yi masa komai, yanke shi ake yi, kuma yawanci shi ke nan an rabu. Jini baƙi-baƙi da ke ɗiga kwanaki bayan al'ada ta ɗauke, tare da zafin ciki, yana nuna ɗan rami a tabon mahaifar inda jini ke taruwa. Hoton da ake ɗauka ta gaba ya fi nuna shi fiye da na saman ciki. Na saman ciki da cikakkiyar mafitsara ake yi, na gaba kuma sai an yi fitsari, a tambaya tun daga gida wanne aka rubuta. Ɗan jini bayan saduwa ga wadda aka cire wa mahaifa sau da yawa jan nama ne ya tsiro a ɗinkin, ana ƙona shi da ɗan tsinken magani cikin mintoci. Tabo mai tudu da ƙaiƙayi, wanda baƙar fata ta fi yi, allura ake masa duk bayan mako huɗu zuwa shida.

Maganin sanyi na kemis fa? In akwai ƙwayar cuta da gaske, ruwa mai wari, zazzaɓi, fitsari mai zafi, to magani ne, amma a bari a gwada a san wacce. Shan kafso barkatai ba gwaji shi ke kawo farin ruwa mai kama da cuku da ƙaiƙayi, a wayi gari an ƙara zafin ƙofa a kan na ciki.

Sai babbar magana, mannewar ciki. Yawancin waɗanda aka buɗe wa ciki sukan samu wasu zare-zaren nama, kamar saƙar gizo-gizo, da ke haɗa hanji da mahaifa ko mahaifa da bango. Mafi yawansu ba sa damun kowa har abada. Wasu kuwa sukan riƙe mahaifa ta kasa gocewa idan an taɓa ta, sai a ji ja can ciki. Hoto na yau da kullum ba ya nuna su, don haka "hoto bai ga komai ba" ba ya nufin ƙarya kike yi. Tambayar ita ce ko a shiga da kyamara a yanyanke su. A nan ra'ayinmu a yi taka-tsantsan. Kowace sabuwar wuƙa tana haifar da sabuwar mannewa, kuma akwai haɗarin huda hanji. A shekarar 2003 an buga wani bincike daga Holan kan mutum 100 masu daɗaɗɗen ciwon ciki da mannewa: an yanke wa kusan rabi, sauran an leƙa kawai aka rufe ba su sani ba. Bayan shekara guda, sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu bai bambanta a zo a gani ba. Wannan bai hana a yi aikin ga wadda hanjinta ke toshewa, ko ake neman haihuwa, ko ake zargin endometiriyosis, wato tsirowar irin naman cikin mahaifa a wajenta, ba. Amma don zafin saduwa kaɗai, sai an gyara bayan gida, an canja kwanciya, an yi fisiyo wata uku zuwa shida, an tabbatar ba jijiya ba ce, sannan a zauna a yi wannan zancen. Duk wanda ya ce a sake buɗewa a ganin farko, a nemi ra'ayin likita na biyu.

Kai kuma Malam da aka yi wa ƙaba, yawanci bayan mako biyu, in kana tafiya da hawa bene ba zafi, ba abin da zai hana. Amma kusan mutum ɗaya cikin goma yakan ci gaba da jin wani ciwo a matse-matsi bayan wata uku, wasu kuma daidai lokacin fitar maniyyi suke jin suka, saboda jijiyoyi da bututun maniyyi ta nan suke bi, kusa da ɗinki ko ragar da aka sa don ƙarfafa wurin. Maganin ƙarfin maza da jiƙe-jiƙen kwalba ba su da hulɗa da wannan. Hanyar ɗaya ce da ta mata: gwajin allura, maganin jijiya, sake aiki a can ƙarshe. Maraina da suka kumbura suka yi zafi a kwanakin farko kuwa, a koma asibiti ranar.

Akwai abubuwan da ba a kwana da su: zazzaɓi da ciwon mara, mugunya ko buɗewar ɗinki, jini mai jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya, kumburin ciki da amai ba iska ba bayan gida, ɓatan wata tare da suka a gefe ɗaya da jiri, ko ɓallewar ruwa ko jini da zafi mai tsanani bayan saduwa ga wadda ba ta da mahaifa. Waɗannan na sashen gaggawa ne, ko da tsakar dare, lambar kuma 112.

Ga wanda ba na gaggawa ba, a Kumasi an fi samun sauƙi idan aka faro daga asibitin kusa, Manhyia ko Tafo ko Suntreso, ko inda aka yi aikin, a karɓi takardar turawa zuwa babban asibitin Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke cewa Ji, in abin ya kai ga ƙwararru. Katin inshora ya zama mai rai, a tafi da littafin awo da takardar sallama, domin a ciki ne aka rubuta irin yankan da aka yi. Neman mace ta duba ki, ko nas ta tsaya a ɗakin, haƙƙinki ne. Layi yana da tsawo, likita yana da minti kaɗan, kuma "marata ke ciwo" maganin ciwon mara kawai zai jawo. Ki shirya maganarki tun a cikin trotro: "Likita, wata biyar ke nan da aka yi mini aiki. Idan mai gidana ya kusance ni ina jin zafi can ciki ta hagu, yana kai wa gari ya waye. Ina shayarwa, ina allurar wata uku." In Turanci ko Tuwi zai ba ki wahala, ki je da ƴar'uwar da ba kya jin kunyarta. Inda hali, mai gida ya shiga ya ji da kunnensa, musamman a gidan da ake rabon kwana, inda mace kan daure don kada a ce ta gaza. Bayanin da ya fito daga bakin likita, da adadin makonni a rubuce a takarda, ya fi sauƙin karɓa a wurinsa fiye da wanda za ta yi masa ita kaɗai a daren girkinta.